Motar Alhaji Agali da Akwatin Lawali

Ku da kuke zama kan bencin garejina kuna latsa waya, kuna cewa gyaran mota yanzu wasa ne, a maƙala na'ura ta faɗi ciwon, a canza ƙarfe a wanke hannu, ku matso in ba ku labarin wata mota. Ba don in yabi kaina zan ba ku shi ba, don babu abin yabo a ciki. Sunana Isuhu, fiye da shekara talatin ina kwance ƙarƙashin motocin Dakoro, kuma akwai mutum ɗaya a garin nan da har yau in an ambaci sunansa sai in canza magana. Lawali ke nan, mai garejin bakin hanyar Maraɗi.

Tare muka yi aparanti, koyon sana'a, wajen marigayi Nomau. Na riga shi shiga da shekara biyu, shi ya sa har gobe Yaya yake ce mini. Kuma wallahi a lokacin ba wanda zai ce Lawali zai zama wani abu. In Nomau ya ce miƙo kile, wato sifana, lamba goma sha uku, sai ya miƙo sha bakwai. Ya taɓa ɗaure buji, fulogin wuta, har ya tsinke a cikin inji, muka wuni muna haƙo shi. Ni nake gyara ɓarnarsa kafin maigida ya gani, ni nake rantse masa. Da muka samu 'yanci ni na gaji inuwar Nomau da mutanensa, shi kuwa ya bi masu kawo motoci daga bakin teku, ya ɓace shekara da shekaru. Mun ɗauka ma ya bar sana'ar.

Wata bashe, a-kori-kura, ta wani direban Birnin Lalle ita ce aikin farko da na yi ni kaɗai, kuma a kanta na gane abin da Nomau yake nufi in ya ce mota abu uku take ci: iska, mai, wuta. Mutumin ya zo yana kuka, wai in ya taka sai ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ta zabura, ga shan mai kamar an huda tanki. Ban taɓa kome ba sai da na zagaya ta. Tayoyin duk a kwance suke, ya sace musu iska don ya ƙetare rairayi, ya hau hanya mai ƙarfi bai mayar ba. Rabin shan man ke nan. Na kwance buji, na tarar da bakinsa baƙi ƙirin da toka, alamar mai ya fi iska yawa. Da fari ne fat, da na ce mai ne bai isa ba, in bi filta da pompon mai. Na ɗora hannu kan kowace ƙafa in ji ko birki na kamawa, don birkin da ya riƙe yana cin mai a ɓoye. Na zuba man tankinsa cikin kwalba na ɗaga ta ga rana, ga ruwa kwance a ƙasa, irin na man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya. Kafin la'asar motar ta koma kamar ba ita ba. Wannan bin diddigin shi ne sana'ar, ku da kuke ganin sauƙi, kuma ba a koyonsa a wata shida.

Iska ita ce babbar wahalarmu a nan, don ƙasarmu rairayi ce. Tsofaffin motoci suna da tukunyar iska mai baƙin mai a gindinta, ƙasa ta shigo ta maƙale a man. Da aka koma filta ta takarda, wadda sai an aika Maraɗi ake samu, Nomau ya ƙago dabara. Sai ya yanki tsohon rawani, ya ɗan shafa masa baƙin mai, ya matse, ya naɗe filtar da shi. Yana cewa mutum na rufe hancinsa da rawani in ya shiga daji, mota ma hanci gare ta. Filtar da za ta mutu a wata ɗaya sai ta yi huɗu. Na yi wa motoci wannan ba adadi, direbobi suna sa mini albarka, har ana cewa a je wajen Isuhu ya naɗa wa mota rawani.

Alhaji Agali yana cikin waɗanda na gada daga Nomau. Dillalin dabbobi ne daga wajen Bader Goula, dogo, mai magana a hankali, ba ya ciniki sau biyu. Motoci uku ya canza a hannuna, ba wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗinsu sai ni. Kuma ba motarsa kaɗai ba ce abin. Inda Alhaji ya ajiye mota, nan sauran 'yan kara suke ajiye tasu. Ranar kasuwa sai ka ga motocin daji kat-kat biyar, shida a ƙofata, ana shan shayi, ana jiran Isuhu.

Sai Lawali ya dawo. Ya dawo da tumbi, da gilashin ido, da wani akwati da suke kira baliz, wanda ake maƙala wa mota ta ƙarƙashin sitiyari ya rubuto abin da ke damunta. Ya gina gareji da siminti, ya haƙa rami na shiga ƙarƙashin mota, ya rubuta sunansa da shuɗin fenti. Ni ina nan ƙarƙashin rumfar kwano, ina shimfiɗa buhu a ƙasa. Ya zo gaishe ni da goro da turare, ya durƙusa kamar da. Na karɓa na yi masa addu'a, yana juya baya na ce wa waɗanda ke zaune, wanda bai san sha uku da sha bakwai ba, dole ya nemi akwatin da zai yi masa tunani. Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar fiye da yadda ya kamata.

Motocin ma'aikata suka fara komawa wajensa, na ce su je, dama ba su da haƙuri. Motar asibiti ta koma, na ce ai takarda suke so mai tambari. Duk wanda ya tafi sai na samo masa aibi. Amma in na wuce ta bakin hanyar Maraɗi a kan babur, ina ƙirga motocin ƙofarsa da wutsiyar ido, in zo in kasa cin tuwo.

Ana haka aka shiga shekarar da damina ta yanke da wuri. Ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya fita, makiyaya suna kawo shanu kasuwa ƙashi da fata, ba mai saye. Motocin ƙauye suka kwanta, don wanda bai sayar ba ba ya hawa mota. Sai in wuni ban taɓa kile ba, ina korar ƙuda. Abin da ya riƙe garejina a shekarar nan Alhaji Agali ne da mutanensa, don su ne ke kwasar ƙananan dabbobi suna kaiwa kudu kafin su mutu a hannun masu su. Kuma a shekarar ce ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayo wata kat-kat fara, mai shan esansi, wato fetur, wadda ba ta da karbirato mai haɗa mai da iska irin na tsofaffin motoci. Inji ne mai ƙwaƙwalwa, wayoyi ko'ina.

Ranar da ya kawo ta na ɗaga bonet, na ga abin da ban saba da shi ba, amma ban nuna ba. Na juye mata mai, na duba ruwa, na buɗe gidan iska na ga filta sabuwa. Na yi mata abin da nake yi wa kowace motar da nake ƙauna, na naɗa mata rawani mai ɗan maiƙo, na rufe.

Bayan kamar sati uku Alhaji ya dawo.

"Malam Isuhu, motar ga ta hwara yi mini gardama. In na taka sai ta tsaya shawara, kamar raƙumin da ba ya son tashi. Kuma man da ke kai ni Bader in dawo, yanzu a hanya shi ke ƙarewa."

"Man kwalba ne, Alhaji," na ce. "Bar mini ita."

Akwai wata fitila ruwan goro da ta kunnu a gaban sitiyari. Na cire kan batir na mayar, ta mutu, na ce masa motocin zamani tsegumi gare su. Na kwance buji, baƙi. Na canza su. Na canza filtar mai. Tayoyi lafiya, birki lafiya. Na buɗe gidan iska, na ga ƙyallena ya kama ƙasa jawur, filtar a ƙarƙashinsa fes, na ce madalla, nan dai ba matsala. Na wanke ƙyallen, na sake shafa masa mai, har na ɗan ƙara don hanyar Bader ƙura gare ta.

Kwana biyar ya dawo, abin ya ƙaru. Na sauke tanki na wanke shi tas. Ya dawo. Na aika Maraɗi aka kawo pompo. Ya dawo, yanzu har da baƙin hayaƙi a baya. Na cire injekta masu fesa mai na jiƙa su, na busa, na mayar. Duk zuwan da zai yi sai na buɗe gidan iska na sabunta ƙyallen, ina jin ina yi wa motar gata. Sati biyar muna wannan. Na san akwai akwati a garin nan da zai iya faɗa mini wani abu cikin minti goma. Na sani sarai. Sau biyu na hau babur da niyyar zuwa, in kai kwanar in ga shuɗin fentin nan, in juya. Na gwammace in kwana ina kwance inji da in tsaya gaban Lawali in ce ban gane ba.

Ranar kasuwar Kornaka abin ya fashe. Alhaji ya ɗauko raguna cike da mota, ya zo hawan wani tudun rairayi inda dole ka taka da ƙarfi lokaci ɗaya, motar ta yi shawararta da ta saba, ta nutse har ciki. Suka wuni a rana suna haƙa. Kafin su isa kasuwa ta watse, raguna biyu sun mutu da zafi, kuma ba nasa ba ne, amanar mutane ce.

Washegari ya zo a ƙafa. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba.

"Malam Isuhu, ban taɓa kai motata wani wuri ba, ka sani. Na zo in hwaɗa maka da bakina kahin ka ji a bakin wani. Zan kai ta wajen ƙanenka shi duba."

Na ce, "Motarka ce, Alhaji." Har na yi murmushi. Yana tafiya na shiga bayan rumfa na zauna kan tsohuwar taya. Abin da na roƙa a zuciyata a lokacin, Allah ya yafe mini, shi ne kada akwatin ya gano kome.

Bayan azahar sai ga Lawali a kan babur, shi kaɗai. Ya gaida mutanen da ke benci, ya ce yana son ganina gefe. Muka koma bayan rumfa. Ya sa hannu aljihu ya fito da leda, ya buɗe. Ƙyallena ne, a ninke.

"Yaya, na san hannun Baba Nomau in na gan shi," ya ce. "Ni ma na yi shi a wata mota can bakin teku, aka kore ni daga aiki a kanshi."

Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Bayan filta, a cikin bututun iska, akwai wani ɗan ƙarfe mai waya siririya kamar gashi. Ita ke auna iskar da ta shiga, ta gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan man da za ta zuba. Maiƙon ƙyallen yana bin iska yana manne wa wayar, ƙura ta hau kai, sai ta riƙa faɗin ƙarya. Ga ƙyallen kuma ya rage iskar. Mota ta rasa abin da za ta gaskata, ta yi ta zuba mai, in an taka ta rikice.

"Akwatin ne ya hwaɗa maka?" na tambaye shi.

"Akwatin cewa ya yi awon iska ba daidai ba, shi ke nan iyakarshi. Da na bi ta tashi, sabon ƙarhe zan sa, sati ukku shi ma shi lalace. Sai na tuna ka'idar Baba, iska kahin kome, na buɗe gidan. Na wanke wayar, na sa hilta sabuwa. Motar lahiya lau take."

Wato ba ma akwatin ne ya ci ni ba. Da akwatin ne da na samu abin faɗa. Lawali ne, da karatun da muka yi tare, wanda na fi shi iyawa.

"Mi ka ce ma Alhaji?"

"Na ce ƙasa ce ta shiga inda ba a gani sai da na'ura. Na ce duk abin da ka canza dama ya isa canji, kuma shi ci gaba da kawo maka ita, in ta kunna hitila kawai shi biyo wajena. Ba wanda ya ga wanga ƙyalle, ni na buɗe da hannuna."

Ya ajiye ledar kusa da ƙafata, ya ce a gaida gida, ya tafi.

Ku a nan za ku ce to ai an gama, mutum ya rufa maka asiri, sai godiya. Haka mai hankali zai yi. Ni kwana uku na yi ina jin kamar na haɗiyi garwashi. Da zagina ya yi a kasuwa da na fi samun sauƙi, sai in rama. Amma a ce Lawali, Lawalin da nake ɓoye wa ɓarna, shi ne yau yake ɓoye tawa? A ce duk ranar da motar Alhaji ta tsaya a ƙofata, sadakar Lawali ce nake ci? Ya fi ni gareji, ya fi ni kayan aiki, ya fi ni gane motar, yanzu kuma zai fi ni hali, kuma ni kaɗai zan san haka, in riƙa ganinsa a masallaci yana sunkuyar da kai. Wannan na ƙarshen ne na kasa ɗauka.

Ranar kasuwa Alhaji ya zo da motar kamar yadda aka ce masa, a duba ruwa da mai. Mutanensa huɗu suna tare da shi, an ɗora shayi. Motar tana aiki sumul. Ya ce, "Ka ga abin, ashe ƙasa ce. Ƙanen nan naka ya ce aikinka ba shi da laihi."

Na shiga ciki na ɗauko ledar, na zazzage ƙyallen a kan bonet, gaban kowa.

"Ba ƙasa ba ce, Alhaji. Wanga ne. Ni na sa shi da hannuna, ni na yi ta ƙara mishi mai. Shi ya kashe maka raguna. Lawali ya gani, ya ɓoye maka."

Kada ku ɗauka gaskiya ce ta motsa ni. Na sha ba wa kaina wannan labarin, amma ba haka ba ne. So nake in ƙwace abin daga hannun Lawali. Kuma can ƙasan raina ina fatan kalmar nan ta ƙarshe ta yi aiki, Alhaji ya ce ashe mai akwatin maƙaryaci ne, ya fi son wanda ya faɗi gaskiya ko a kan kansa.

Alhaji ya ɗauki ƙyallen da yatsa biyu, ya juya shi, ya shinshina.

"Ragunan na riga na biya masu su, wannan ya wuce," ya ce. "Kuskure kowa na yi. Shekara nawa wanga ƙyalle na yi mini amfani, ba zan zage shi yau ba."

Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ci gaba.

"Amma ka ce ya gani ya ɓoye? Yana da dama shi ɗauke ni da mutanena duka da kalma guda, a shekara irin wagga, ya bari don kada yayanshi shi ji kunya?" Ya juya ga mutanensa. "Kun ji? Ni da na san haka yaron nan yake, da tuni."

Ya ninke ƙyallen ya miƙo mini da hannu biyu, cikin girmamawa.

"Na gode da ka hwaɗa mini, Malam Isuhu. Sati biyar kana da inda za ka tambaya ba ka tambaya ba, ni ina ta zuwa. Wanda ya riƙe asirin yayanshi haka, shi zai riƙe mini mota."

Suka shanye shayin, don ba a barin shayi a kan wuta, suka yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta gaba ba wanda ya zo. Lawali bai taɓa tayar mini da maganar ba, har yau, kuma duk tsohuwar motar da ta je wajensa mai karbirato sai ya ce a kawo wa Yaya, shi ya fi sanin su. Da su nake ci. Ina karɓa, ina gyarawa da kyau, ba na godiya.

Alhaji yana wucewa ta nan duk ranar kasuwa, ya danna oda ya ɗaga mini hannu. Ni kuma in ajiye abin da nake yi, in kasa kunne lokacin da zai taka ya hau kwalta, ko zan ji ta yi ɗan jinkirin nan, ko sau ɗaya. Shekara huɗu ke nan ina saurare, ba ta yi ba.